Idon da ke bayan gilashi: nazari kan sake saita kyamarar mota bayan canjin gilashin gaba

Mafi yawan motocin da aka ƙera don kasuwannin Amurka da Turai da Japan a 'yan shekarun nan suna da wani ɗan akwatin roba a bayan madubin tsakiya, manne da gilashin gaba daga sama. A cikinsa akwai kyamara mai kallon hanya ta cikin gilashin. Ita ce ke gane farin layin da ke kan kwalta, da motar da ke gaba, da mai tafiya a ƙasa, da allon iyakar gudu. Abin da ta gani shi take kai wa kwamfutar motar, kwamfutar kuma ta yanke hukunci: ko ta yi ƙara, ko ta ɗan murɗa sitiyari, ko ta kama birki da kanta kafin ƙafar direba ta kai. Daga ranar da aka ɗora wa gilashin gaba wannan nauyi ya tashi daga abin tare iska da ƙura da ruwan sama, ya shiga sahun kayan awo. Kayan awo kuwa, in an cire an mayar, sai an sake saita shi.

Wahalar al'amarin ita ce kuskuren saiti ba ya tona kansa. In waya ta tsinke ko kyamara ta mutu, wuta za ta kama a dashbod, direba ya san akwai matsala. Amma kyamarar da ta karkace da rabin digiri lafiyarta ƙalau, tana aiko da hoto tangaran, kwamfuta tana lissafi a kansa ba tare da shakka ba. Kamar sikelin mahauci ne da allurarsa ta goce: zai ci gaba da nuna kilo ga duk wanda ya ɗora nama, ba ranar da zai ce ya goce. Kusan duk taƙaddamar da ake yi a wannan fanni tsakanin masu sa gilashi da kamfanonin mota da na inshora da hukumomi, daga wannan shirun ta samo asali.

Yaɗuwar na'urorin ba ta ɗauki lokaci ba. A 2008 kamfanin Volvo ya sa wa motarsa XC60 na'urar leza a bayan gilashi, mai kama birki a cunkoson cikin gari, a shekarar kuma Subaru ya fito da EyeSight a Japan, mai kyamara biyu gefe da gefe. Kamfanin Mobileye na Isra'ila, wanda aka kafa a 1999, ya nuna cewa kyamara ɗaya tak da kwamfuta mai kaifi za su iya ɗaukar mafi yawan aikin da araha, har Intel ya saye shi a 2017 a kan dala biliyan 15 da ɗoriya. Toyota ya fara sa nasa tsarin, Toyota Safety Sense, a 2015. A watan Maris na 2016 kamfanonin mota 20 suka yi wa hukumomin Amurka alkawarin cewa zuwa Satumban 2022 kusan kowace sabuwar ƙaramar mota za ta zo da birki mai kama kansa. Japan ta wajabta shi ga sababbin samfuran cikin gida daga Nuwamban 2021, Tarayyar Turai kuma ta wajabta shi tare da na'urar tsare layi ga duk sabuwar ƙaramar mota daga Yulin 2024. Dalilin hanzarin a fili yake. Binciken cibiyar IIHS, wadda kamfanonin inshorar Amurka ke ɗaukar nauyinta, ya nuna cewa gargaɗin karo haɗe da birki mai kama kansa suna rage bugun mota ta baya da kusan rabi. Sai dai amfanin duka ya rataya a kan sharaɗi ɗaya, kyamarar ta san inda take kallo.

Kyamara ba ta ganin mita, kusurwa take gani. Hoton da take ɗauka ɗigo-ɗigo ne, kowane ɗigo yana tsaye a madadin wata 'yar kusurwa. Kafin kwamfuta ta mai da ɗigo ya zama nisa, dole ta san mazaunin kyamarar: tsayinta daga ƙasa, ko tana kan tsakiyar mota ko ta ɗan gusa, sannan karkatarta ta fuska uku, wato dama da hagu, sama da ƙasa, da jirkicewa gefe guda. A masana'anta ake auna waɗannan bayan an gama haɗa mota, a rubuta su a ƙwaƙwalwar kyamarar. Saiti ba wani abu ba ne illa sake auna su da sake rubuta su. A motoci da yawa ba a ma taɓa kyamarar da sukudireba, lambobin da ke cikinta ake gyarawa.

Lissafin na 'yan sakandare ne. Kyamarar da ta karkata dama ko hagu da digiri 1, a nisan mita 100 ganinta ya kauce da mita 1.75. Faɗin hannu ɗaya a babbar hanya bai wuce mita 3.5 zuwa 3.7 ba, ke nan rabin hannu ya tafi. Motar da ke tafiya a hannun kusa da kai za ta iya zama a idon kwamfuta kamar tana shigowa gabanka, ta gabanka kuma ta zama kamar tana gefe. Mita 100 ɗin nan ba wani nisa ba ne: a gudun kilomita 100 a awa mota tana cinye kusan mita 28 a daƙiƙa, ƙasa da daƙiƙa 4 ta isa wurin.

Karkatar sama da ƙasa ta fi wannan muni, kuma ita ce ba a cika yi wa mutane bayaninta ba. Ɗaya daga hanyoyin da kyamara guda ke bi wajen kintatar nisa ita ce ta dubi inda tayoyin motar gaba suka taɓa kwalta, ta auna yadda wurin ya yi ƙasa da layin da sama ta haɗu da ƙasa. Abu na kusa yana can ƙasan hoto, na nesa yana matsowa sama zuwa wancan layi. A ce kyamara tana tsayin mita 1.3 daga ƙasa, motar gaba kuma tana nisan mita 50. Kusurwar da ke tsakanin layin da tayoyinta kusan digiri 1.5 ce kacal. To in kyamarar ta sunkuya da rabin digiri alhali kwamfuta ba ta sani ba, kusurwar za ta bayyana kamar digiri 1, lissafi ya ba da mita 75. In ɗagawa ta yi da rabin digiri, kusurwar ta zama 2, lissafi ya ba da mita 37. Mota ɗaya, tsaye a wuri ɗaya, amma nisanta ya ninka tsakanin kuskure biyu da ido ba zai taɓa gani ba. Na farko yana jawo jinkirin birki, na biyu yana jawo birkin banza, wanda shi ma haɗari ne ga na bayanka.

Me zai sa kyamara ta karkace da rabin digiri? Abu kaɗan. Tana zaune ne a kan wani mariƙi da aka manna wa gilashin tun daga masana'antarsa. In tsawon mazaunin santimita 6 ne, kuma gefe ɗaya ya ɗaga da milimita 1, an sami kusan digiri guda cif. Ga kuma shi kansa gilashin, wanda ke kwance a kan zagayen gam mai kauri: yawan gam ɗin, da yadda aka danna shi, da ko ya ɗan zame ƙasa kafin ya bushe, duk suna shiga lissafi. Shi ya sa ko gilashin kamfanin motar ne aka sa, kuma ƙwararre ne ya sa shi, ba a tsira daga saiti ba.

Adalci ne a ce injiniyoyi ba su bar kyamara ta dogara da wancan lissafi shi kaɗai ba. Tana kuma lura da saurin girman da motar gaba ke yi a hoto, tana bin layin hanya tana gyara kintacenta, sannan a motoci da yawa akwai rada a bayan tambarin gaba ko cikin bamba, wadda ta fi kyamara iya auna nisa da gudu. Amma aikin haɗin gwiwar nan yana buƙatar su biyun su yarda cewa abu ɗaya suke gani. In rada ta ce akwai abu a gaba sak, kyamara ta ce yana ɗan hagu, kwamfuta za ta ɗauki lokaci kafin ta gamsu, ko ma ta yi watsi da shi. Rubu'in daƙiƙa a gudun kilomita 100 mita 7 ne, ya fi tsawon mota guda.

Sai batun ingancin gilashin. Gilashin gaba falle biyu ne da shimfiɗar roba a tsakani mai kaurin milimita 0.76, dabarar da asalinta ke komawa ga Bafaranshe Édouard Bénédictus da ya yi mata rajista a 1909. Ana lanƙwasa fallayen a tanderu mai zafin sama da digiri 600, kuma lanƙwasar ba ta taɓa fita daidai ɗari bisa ɗari. Da yake gilashin a kishingiɗe yake, haske yana ratsa shi a karkace, don haka ɗan kumburi ko rashin daidaiton kauri yana ƙara girma a hoto. Idon mutum ba ya damuwa da wannan, ƙwaƙwalwa tana gyarawa. Kyamara ba ta da wannan baiwa. Abin ya fi tsanani a tsari mai kyamara biyu irin na Subaru, domin nisa yana fitowa ne daga ɗan bambancin da ke tsakanin hoton dama da na hagu. In gilashin ya murɗe hasken ɗaya fiye da ɗayar, bambancin bogi ya shigo. Subaru da Honda da Volvo duk sun fitar da sanarwa suna cewa a yi amfani da gilashinsu na asali. Masu sayar da na kasuwa suna amsawa da cewa manyan masana'antu irin su Pilkington da Saint-Gobain da AGC da Fuyao su ne ke yi wa kamfanonin motar gilashi, su ne kuma ke yin na kasuwar. Kowane ɓangare yana da gaskiya, kowane kuma yana da aljihu a cikin maganar. A ganina tambayar da ta fi amfani ba ta tambarin da ke kusurwar gilashi ba ce, ita ce ko an yi gilashin don wannan samfuri da wannan kyamara, da mariƙinsa da tagar kyamararsa yadda ya kamata.

Hanyoyin saiti biyu ne, na tsaye da na tafiya. Kamfanin mota ne ke faɗin wanda za a bi, wasu motocin ma sai an haɗa duka biyun.

Saitin tsaye ya cancanci a dube shi da kyau, domin a nan ne ake ganin bambancin aiki da wasan yara. Ana shigar da mota ɗaki mai shimfiɗaɗɗen daɓe, ba gangare ko kaɗan daga inda tayoyi suke har inda allo zai tsaya. A kwashe kayan but, a duba iskar kowace taya, wasu kamfanonin har sun ce a cika tanki, saboda duk abin da zai danne bayan mota zai ɗaga hancinta. Sannan bakanike ya nemo tsakiyar motar. Ya rataya zare mai ɗan nauyi a ƙarshensa daga tsakiyar tambarin baya, ya sa alama a ƙasa inda ya nuna, ya yi haka a tambarin gaba, ya ja layi ya haɗa alamun biyu ya zarce da shi gaba. A kan wannan layi zai auna nisan da littafin gyara ya faɗa, ya kafa allo mai zanen baƙi da fari a tsayin da aka ƙayyade, ya tabbata allon bai jirkice ba kuma yana fuskantar motar sak. Ya rufe ƙofar gareji don kada rana ta faɗo kan allon, ya kawar da duk wani abu mai zane ko ƙyalli da ke bayansa don kada kyamara ta ɗauke shi a matsayin allo. Sai ya jona kwamfutar gwaji a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, ya shigar da awon, ya ba da umarni. Shirin yakan ci mafi yawan lokacin, karatun da kyamarar za ta yi kuwa na ɗan taƙi ne.

Akwai wani sharaɗi da ake yawan tsallakewa. Mota ba lallai ta bi inda hancinta ke nunawa ba, tana bin inda tayoyin baya ke tura ta. In alaimen ɗin baya ya goce, motar za ta riƙa tafiya a ɗan karkace, direba yana gyarawa da sitiyari ba tare da ya lura ba. In aka saita kyamara da layin jikin mota alhali tafiyarta ta saɓa masa, an koya mata kallon inda ba can za a je ba. Shi ya sa littattafan gyara da yawa ke cewa a tabbatar da alaimen tukuna, da na'urar da ke auna juyin sitiyari.

A nan ne raunin tsarin duka yake. In kwamfutar gwaji ta rubuta cewa an kammala, ba cewa ta yi saitin daidai ne ba. Abin da take nufi shi ne kyamara ta ga allo, kuma abin da ta gani bai fita daga iyakar da aka yarda da ita ba. Kyamarar ba ta da hanyar sanin ko allon yana inda ya kamata. Ta ɗauka bakanike ya yi gaskiya. In ya kafa allon a gefe da santimita kaɗan, ko daɓen yana da gangare, za ta karɓi kuskuren ta rubuta shi a matsayin daidai, ta kuma ba da shaidar nasara. Allon da ke nisan mita 3, in ya gusa da santimita 5, kusan digiri guda ke nan. An ma san yadda ragon ma'aikaci ke yi in saiti ya ƙi karɓuwa: ya riƙa matsa allon kaɗan-kaɗan har kwamfuta ta amince. Motar da aka yi wa haka ta fi wadda ba a taɓa ba haɗari, domin tana da takardar shaida.

Saitin tafiya ba ya buƙatar allo. Ana jona kwamfutar gwaji, a hau hanya mai layi fes, a riƙe gudun da aka ƙayyade har kyamara ta tara isassun hotuna ta gano tsakiyarta da kanta. Ford na cikin masu bin wannan hanya a motocinsu da yawa. Tesla ma ta rubuta a littafin mai mota cewa kyamarorinta kan gama saita kansu bayan tafiyar kilomita 32 zuwa 40. Daga nan ne masu shakka ke kawo hujjarsu: in mota za ta iya koyo da kanta, me ya sa ake cajin mutane kuɗin ɗaki da allo? Hujja ce mai nauyi, kuma da alama nan gaba motoci da yawa za su koma haka. Amma gyaran kai yana da iyaka. An tsara shi ne don ƙananan sauye-sauye na yau da kullum, kamar fasinja uku a baya ko kaya a but, kuma daga lambobin da aka ba shi yake farawa. Kafin ya gama koyo, motar tana kan hanya da mutane a ciki. Sannan ba kowane samfuri ne aka ƙera da wannan iyawa daidai da wani ba, mai gareji kuwa ba shi da ikon yanke hukuncin wanda zai iya. Abin da littafin kamfani ya ce shi ne abin kamawa.

Me aka gani a aikace? A 2023 IIHS ta fitar da sakamakon tambayoyin da ta yi wa direbobi kusan 500 waɗanda aka gyara wa irin waɗannan na'urori. Kimanin rabinsu sun ce sun ci gaba da samun matsala bayan gyaran, a cikin waɗanda gyaransu ya haɗa da canjin gilashin gaba kuwa, kusan biyu cikin uku ne. Abin lura game da wannan adadi shi ne daga bakin masu mota ya fito. Wato matsalolin da suka nuna kansu ne aka ƙirga, irin su wutar gargaɗi da ƙarar banza da na'urar da ta ƙi aiki. Kyamarar da ta sunkuya shiru, wadda ba za a san halinta ba sai ranar da ake buƙatar birkinta, ba ta cikin lissafin, domin mai ita zai ce komai lafiya.

Kuɗi ma ya shigo. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta ƙiyasta a 2018 cewa canjin gilashin mota mai kyamara yakan kai wajen dala 1,500, kusan ninki uku na marar kyamara. Inda kuɗi ya taru kuma aikin ba ya ganuwa, dole zargi ya biyo baya: mai inshora yana tsoron a caje shi saitin da ba a yi ba, mai gareji yana kukan ana matsa masa ya rage aiki. A jihar Florida, inda doka ta ce mai cikakkiyar inshora ba zai biya ko sisi ba a kan gilashin gaba, ƙararraki sun yi yawa har aka yi doka a 2023 da ta hana mai mota miƙa wa gareji haƙƙinsa na karɓar kuɗin inshora, ta hana jan kwastoma da kyauta, ta kuma wajabta a sanar da shi in motarsa tana buƙatar saiti. A Ingila cibiyar Thatcham Research, wadda masu inshora suka kafa, ta fitar da ƙa'idojin da suka fara aiki a ƙarshen Maris na 2021: a gano na'urorin da ke jikin mota, a bi umarnin kamfaninta, ƙwararre ya yi aikin, a ajiye rubutacciyar shaida da za a iya bincika.

Japan ce ta fi kowa nisa. Daga Afrilun 2020 dokarta ta sa cire gilashin gaba ko bamba mai ɗauke da kyamara ko rada cikin ayyukan da sai gareji mai lasisi na musamman zai yi, da sharaɗin wurin aiki da kayan gwaji da shugaban aiki mai horo, aka ba masu sana'ar shekara 4 su shirya. Daga Oktoban 2024 kuma binciken lafiyar mota na dole ya haɗa da jona kwamfuta a karanta lambobin matsala a sababbin samfura. Mataki ne mai kyau, amma a lura da abin da yake kamawa: matsalar da mota ta san tana da ita. Duk dokokin nan, daga Florida har Tokyo, suna tsare hanyar yin aikin ne, da wanda ya yi shi, da takardar da ya bari. Sakamakon kansa, wato ko kyamarar tana kallon inda ya dace, ba shi da gwaji mai sauƙi da mai mota ko jami'in hanya zai yi ya tabbatar. Nauyin kuma ƙaruwa zai yi, domin dokar da Amurka ta fitar a Afrilun 2024 ta ce daga Satumban 2029 dole sababbin ƙananan motoci su iya tsayawa ba tare da sun bugi motar gaba ba har a gudun kilomita 100 a awa, su kuma gane mai tafiya a ƙasa cikin duhu. Gwargwadon nisan da ake so kyamara ta hango, gwargwadon yadda rabin digiri ke girma.

Maganar ta shafe mu ta hanyar tashar jiragen ruwa. A Amurka, Corolla daga samfurin 2017, da Camry da Accord daga na 2018, duk da waɗannan na'urori suka fito, kuma ana samunsu a filayen sayar da mota daga Legas da Kwatano har Kano da Maraɗi. Da yawa daga cikinsu daga gwanjon motocin haɗari irin na Copart da IAA aka sayo su, inda tsadar gyaran na'urorin gaba na cikin abin da ke sa mai inshora ya haƙura da mota. Ta iso da fasasshen gilashi da murɗaɗɗen bamba, mai bodi ya miƙe ta, mai fenti ya fesa, a nemo gilashi a kasuwar kayan mota, a maye tambarin gaba da na roba gama-gari alhali na asalin an yi shi ne don rada ta gani ta cikinsa. A mayar da kyamara mazauninta, ta yi ƙaras ta zauna. In mai mota ya tambaya, amsar ɗaya ce: "Alhaji, ja abarka, ai ba wata wuta da ta kama." Kuma ba ƙarya mai gyaran ya yi ba, iyakar saninsa ke nan.

Wasu matsalolin namu masu sauƙi ne, domin suna bayyana kansu. In hazon hunturu ya rufe hanya, ko ƙura ta lulluɓe tagar kyamara, ko an manna sitika a gabanta, ko hanyar ba ta da layi sam, tsarin yakan janye ya rubuta wa direba cewa ba ya aiki. Wannan gazawa ce mai gaskiya. Har direban da ya gaji da ƙara ya kashe na'urar da hannunsa, shi ma ya san matsayinsa, ya san birki na ƙafarsa. Wanda na fi ji wa tsoro shi ne wanda aka sayar wa mota da kirarin tana taka birki da kanta, ya yarda, ya fara sakin jiki a hanyar Kaduna zuwa Abuja, ba tare da an taɓa auna kyamarar ba tun da motar ta bar Amurka.

Saitin tafiya zai yi wuya a yawancin garuruwanmu saboda ƙarancin hanya mai layi, amma na tsaye ba abin da ya fi ƙarfinmu ba ne. Kwamfutocin gwaji na Autel da Launch sun riga sun shiga hannun masu gyaran wutar mota, kuma a wasu motocin Toyota allon kyamarar takarda ce da ake bugawa daga littafin gyara a manna a katako. Abin da ya yi ƙaranci shi ne daɓe mai lebur, da littafin samfurin, da haƙurin awo, da mai mota da zai yarda ya biya kuɗin aikin da ba zai gani da ido ba. Mai sayen mota kuwa yana iya duba tambarin da ke kusurwar gilashin gaba ya gwada da na tagogin gefe. In sun bambanta, akwai alamar an canza shi, sai ya tambayi ko an yi saiti da kuma ina takardarsa.

Akwai kuma wata al'ada tamu da littattafan kamfanoni ba su tanadar mata amsa ba. Saboda ramuka da tudun rage gudu, mutane da yawa kan sa a ɗaga musu mota, musamman bayanta, da zobe a kan sifirin ko da sifirin mai tsawo. Tsakanin tayar gaba da ta baya a Camry ta 2018 kusan mita 2.8 ne. In aka ɗaga baya kaɗai da santimita 3, hancin motar ya sunkuya da kusan digiri 0.6, kyamara da rada duk sun sunkuya tare da shi, ta ɓangaren da ke sa kyamara ta ga abin da ke gaba kamar yana nesa. Ba a taɓa gilashi ba, ba a taɓa kyamara ba, ba wanda zai yi tunanin saiti. Ko an kai ta wurin mai allo ma, awon da ke cikin littafinsa na motar da ke tsaye a tsayin masana'anta ne, don haka kafin ya fara sai an cire zoben an mayar da ita yadda aka ƙera ta.